Adda Asta da Irin Kindirmon Dada

Duk wanda ya zo mini da maganar in tausaya wa Adda Asta, amsata ɗaya ce: ya je ya tausaya mata da kansa, ai ƙofar gidanta a buɗe take. Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ni Khadijah ni ke bi mata, kuma duk faɗin Damare babu wanda zai koya mini halinta. Masu cewa in yi haƙuri ba su san abin da ta kashe ba. Sun ɗauka ɗan tsamin nono ne. Irin kindirmon mahaifiyarmu ne, wanda yake raye a ƙwarya tun kafin a haife mu, ya zo ya mutu a hannunta saboda rowa.

Bari in yi wa 'yan birni bayani, masu sayen kindirmo a roba su ɗauka daga sama ya faɗo. Madara ake tatsowa a tafasa, a bar ta ta huce har yatsa ya iya zama a ciki, sai a ɗebo ludayi guda daga kindirmon jiya a zuba, a rufe da faifai. Wannan ludayin shi ne iri. Kafin gari ya waye ya kama. Gobe kuma daga na yau za a ɗiba. Ranar da kika yi tafiya mai nisa, ko ciwo ya kwantar da ke, shi ke nan ya lalace. Shi ya sa a wurinmu iri ba a sayar da shi, ba a kuma hana shi. Ko matar da kuka yi zage-zage da ita jiya a bakin rijiya, in ta zo da 'yar ƙwarya da safe sai ki zuba mata, ku ci gaba da gabarku. Ba wani kirki ba ne, dabara ce. Wadda kika ba yau, a wurinta za ki karɓo naki gobe.

Na Dada, mahaifiyarmu, daban yake. A Yola Gari ta karɓo shi daga tata uwar, ta zo da shi Damare da aka kawo ta aure. Yana da kauri, ba ya tsinkewa ko rana ta yi, tsaminsa kuma ba ya kama haƙori. Matan unguwa sun sha karɓa, amma su ba ruwansu, yau su karɓa nan gobe su karɓa can, sai ya ɓace a cikin na mutane. Mu biyu ne muka riƙe shi yadda yake bayan rasuwarta. In nawa ya mutu in je wurin Adda, in nata ya mutu ta zo wurina. Lokacin da zazzaɓin taifod ya kayar da ita har aka fara cire rai, daga ƙwaryata aka tayar da nata. Ban faɗa don gori ba, na faɗa ne don gaskiya.

Ba zan ce Adda ba ta iya aiki ba, Allah yana gani. Ƙwaryarta fes, faifanta fes, ko ƙuda sai ya yi sallama. Amma hali zanen dutse ne. Tun muna yara in Baffa, mahaifinmu, ya kawo mana rake daga gona, ni kafin ya zauna na gama da nawa, ita kuwa sai ta tura nata ƙarƙashin gado. Ba ta sha ba, ba ta ba kowa ba, sai ya bushe tururuwa sun cinye, sannan ta zauna tana kuka wai an cuce ta. Da ta girma aka ba ta Hamajoɗa, mutum mai 'yan shanunsa da gonar shinkafa a bakin kogi. Ba shi da hayaniya, ba shi kuma da ra'ayi. In ya buɗe baki, maganar Adda ce take fitowa da muryar namiji.

Ita ta fara kai kindirmo Jimeta a cikinmu. Ta hau keke da sassafe, ta bi gidajen ma'aikata a Demsawo, da azumi kuma ta wuce har Yola Gari, inda tsofaffin da suka san kakarmu suke jiran ta. Ta yi suna, ta sa wa ɗakinta kwano, ta yi haƙorin Makka ba ta je Makka ba. A lokacin in an zo neman iri tana bayarwa, sai dai da fuska a murtuke kamar ana cire mata jini.

A cikin masu sayenta akwai Malama Keturah, 'yar wajen Ganye ce, a Demsawo take zaune. Tana aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a Jimeta, inda suke binciken abinci. Mace ce mai sanyin hali, ba ni da abin faɗa a kanta. Ta daɗe tana bin matan nono tana karɓar ɗan kaɗan a kwalba tana rubuta suna a jiki. Wata rana da la'asar sai ga ta a Damare, ta sauko daga keke tana murmushi har kunne. Ina gidan Adda a lokacin, na je aron turmi.

Aka shimfiɗa mata tabarma, aka gaisa, sannan ta ce, "Adda, na zo ne da labari mai daɗi. A cikin kindirmonki na sami abin da na daɗe ina nema."

Ta yi mana bayani a hankali, yadda za mu gane. Ta ce abin da ke sa madara ta kama wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, bakteriya, amma ba masu sa ciwo ba. Kowane iri da nasa. Na irin Dada suna fitar da wani sinadari, ita tana ce masa enzayim, wanda in an tace shi aka haɗa da zaƙin da ke cikin madara, sai ya juya shi ya koma wani sukari dabam mai suna tagatos. Zaƙinsa ya kusa na sukarin shayi, amma ba ya tayar da sugan jini kamar shi, ba ya kuma cin haƙori. Da wuya a same shi da yawa a cikin abinci, shi ya sa yake da tsada. Kamfanonin biskit da alawa da lemo suna neman sa, saboda masu ciwon suga.

Ni da na ji ciwon suga sai na gyara zama, don maigidana ya daɗe da shi, shayi ma lami yake sha yana tsaki. Na ce, "Malama, ke nan in ya sha kindirmon nan zai warke?"

Ta ce, "A'a, Khadijah, kar in yi miki ƙarya. Sukarin ba a cikin ƙwarya yake fitowa ba, sai an yi aiki a ɗakin gwaji. Kuma ba magani ba ne, zaƙi ne kawai da ba ya cutarwa sosai."

Adda ba wannan ne ya dame ta ba. Ta ce, "Na sauran matan ma yana yi?"

"Wasu suna yi kaɗan. Naki ne yake yi da ƙarfi, kuma yana jure zafi, abin da masu kamfani suke so ke nan."

Na ce, "Ai nawa ma shi ne, na Dada ne."

Adda ko kallona ba ta yi ba. Ta ce, "Nata ta daɗe da gauraya shi da na mutane." Ƙarya tsirara a gaban baƙuwa, kuma ta san na san ƙarya ce. Na bar maganar don kar Malama ta ga 'ya'yan mutum ɗaya suna sa-in-sa, amma raina ya ɓaci sosai.

Malama Keturah ta yi iya ƙoƙarinta, wannan zan shaide ta. Ta ce bincike abu ne mai tsawo, ana iya shekaru ba a ga komai ba, kada kowa ya sa rai da yawa. Adda kuwa kalma ɗaya ta shiga kunnenta, kamfani. Da Malama ta ce tana so ta aika kaɗan daga halittun nan zuwa wurin abokan aikinta a wani gari, don a al'adarsu ba a ajiye irin wannan abu a wuri ɗaya, sai Adda ta tashi ta shiga ɗaki ta kira mijinta. Jim kaɗan ya fito yana gyara hula.

Ya ce, "Malama, mun gode. Amma abin nan kada ya bar hannunki ya je ko'ina, sai an zauna da mu an yi magana. Ki rantse mana."

Ta ce, "Baba, a addininmu ba ma rantsuwa. Amma in haka kuke so, na yi muku alkawari. Sai dai ina gaya muku, firiza ɗaya ce da mu."

Adda ta ce daga bakin ƙofa, "Wuri biyu ai ya isa. Nan da wurinki."

Daga ranar aka rufe ƙofa. Mairo maƙwabciyarta ce ta fara zuwa da ƙwarya, aka ce mata bai kama ba. Wata ta zo, aka ce kare ya sa baki. Kafin wata ya mutu kowa ya gane, mata suka daina zuwa, suka koma yi da ita a bakin rijiya. Sai kuma ta tuna cewa duk wanda ya sayi kindirmonta ai ya sayi iri. Kun san abin da ta yi? Ta je kanti a Jimeta ta sayo yogot na roba, da shi take kama na sayarwa. Na Dada kuwa ta mayar da shi 'yar ƙaramar ƙwarya, ta sa a ɗaki ta sa kwaɗo. Kullum ta ba shi madara, su sha ita da mijinta, abin da ya rage ta haƙa rami a bayan ɗaki ta zuba ta rufe da ƙasa. Da idona na gani, ba labari aka ba ni ba.

Masu saye ba wawaye ba ne. Wata tsohuwa a Yola Gari ta ɗanɗana ta tura mata ƙwaryar, ta ce wannan ba hannun gidanku ba ne. 'Yan Demsawo suka fara cewa yau ba ma buƙata. Adda ko a jikinta. Tana cewa su yi ta tafiya, ranar da kamfani ya zo ba za ta ƙara ɗaukar ƙwarya a ka ba. Har kallon filaye ta fara yi a bakin hanya.

Ana cikin haka ƙaya ta soki maigidana a gona. Ga mai ciwon suga ƙaya ba ƙaramin abu ba ne. Ƙafa ta kumbura, ta yi baƙi, muka kwanta asibiti a Yola har sai da aka yanke ta daga gwiwa. Ban san ranar da na tuna da wata ƙwarya ba. Da muka dawo gida na tarar da nawa ya bushe ya yi funfuna. Ga mara lafiya, ga yara, ga gona ba mai shiga, kindirmon nan kaɗai ne hanyar abincinmu. Na wanke 'yar ƙwaryata na tafi gidan yayata kamar yadda na saba tun ina amarya.

A bakin ƙofar ɗakin ta tsayar da ni. Ta tambayi mai jiki, na ce da sauƙi. Na miƙa ƙwaryar.

Ta ce, "Ki je wurin Mairo mana."

Na ce, "Adda, na Dada nake so."

"Ke hannunki a sake yake, Khadijah. In na ba ki yau, gobe yana gidan kowa. In kamfani ya zo ya tarar da shi a kowace ƙwarya, wa zai kula mu? Ki yi haƙuri, in abin ya fito ba zan manta da ke ba."

Na ce, "Uwarmu ɗaya fa. Ba ke kaɗai ta bar wa ba."

Ta ce, "Ai ta bar miki, kika bari ya mutu."

Wallahi ko marina ta yi da ya fi mini sauƙi. Mijina yana kwance da dungulmin ƙafa, wai na bari ya mutu. Na juya. Hamajoɗa yana zaune a gindin mangwaro ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Na wuce gidan Mairo, ta cika mini ƙwarya ba ta tambaye ni komai ba, ta dai ce kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu. Tun daga ranar na ɗauke ƙafa daga gidan Adda.

Da damina ta yi nisa aka fara sanarwa a rediyo cewa za a saki ruwan madatsar Lagdo. Mun saba jin haka, wasu suka kwashe, wasu suka ce sai sun gani. Maza dai suka kora shanu can kan tudu, nesa da mu. Ruwan ya shigo da hantsi, ba gudu ba tsayawa, kafin azahar ya kai cinya. Ni da yara muka ɗora maigida a amalanke. Adda kuwa na hango ta tana keta ruwa, ta bar akwatin zannuwanta, ta bar kwanukanta, 'yar ƙwaryar nan kaɗai ce a kanta ta dafe da hannu biyu. A wata makarantar firamare aka tara mu, mata aji guda, maza aji guda.

To ga iri ya tsira, amma ina madara? Shanu suna can, hanya ta yanke. Iri kuma ba ya jira. Washegari kwale-kwale ya zo zai ɗauki Mairo zuwa rugar yayanta da ruwa bai kai ba. Duk da abin da aka yi mata, matar nan ta taka har kusurwar da Adda take.

Ta ce, "Adda Asta, ki zuba mini ludayi ɗaya. Can akwai madara, in riƙe miki shi har ruwa ya janye."

Adda ta jawo ƙwaryar jikinta. Ta ce, "Na gode, ai kwana biyu ne."

Ina kwance a tabarma ina jin su. Na so in tashi in fizge ƙwaryar in miƙa wa Mairo, amma matan ajin duk ido suka zuba, kuma na san in na taɓa ta za ta ce dama abin da nake jira ke nan. Na ce daga inda nake, "Ki ba ta, Adda. Ba don ni ba." Ta yi kamar da bango nake magana. Kwale-kwale ya tafi.

Masu agaji sun raba madarar gari. Wata tsohuwa ta ce wa Adda ta dama ta tafasa ta ba shi, zai riƙe. Adda ta ce irin Dada bai taɓa shan madarar gwangwani ba, ba kuma a kanta zai fara ba. Sai da ya fara kumfa yana tashi, ajin ya ɗauki wari mata suna toshe hanci, sannan ta yarda. Ta dama da ruwan tanki, ta zuba, ta rufe. Abin da ta buɗe ta gani ruwa ne tsararo a sama, yauƙi a ƙasa. Ta sake gwadawa, ya fi na farko muni. Da tsutsa ta fito, matan ajin suka ce ko ta fitar da shi ko su fitar da ita.

Ko a nan ba ta karaya ba. Tana wanke ƙwaryar tana cewa ai akwai na wurin Malama. Da ruwa ya janye muka koma muna kwashe laka, sai ga Malama Keturah ta zo jaje. Ta fara biyowa ta gidana da sabulu da garin masara, ta roƙe ni in raka ta gidan Adda. Don ita na je, a tsakar gida kuma na tsaya.

Ta ce, "Adda, ruwa ya kayar da turakun wuta a wajenmu. Mun yi ta fama da janareta har mai ya ƙare, babu kuma inda za a samu. Duk abin da ke firiza ya narke. Na yi ta ƙoƙarin tayar da halittun, ba su tashi ba. Na zo ki ƙara ba ni kaɗan in sake farawa."

Adda ta juyo gare ta. Sannan ta ce, "Ba ki aika ko'ina ba?"

"Na yi muku alkawari."

"Ko kaɗan? Ko a ɓoye?"

Malama ta girgiza kai. Ta dubi Adda, ta dube ni, ta gane. Sai ga hawaye a idon baƙuwa, aikin shekarunta ya bi ruwa saboda ta riƙe amanar mutanen da ba su cancanta ba. Yayata kuwa, ku ji fa, cewa ta yi, "Ke da kike da ilimi, ai da kin ƙi jin maganarmu." Na kama hannun Malama na fitar da ita kafin bakina ya faɗi abin da zai kai ni gaban mai unguwa.

Malama ba ta haƙura nan take ba. Ta bi gidajen Damare kaf da kwalabenta, har rugar yayan Mairo ta je, ko Allah zai sa ya maƙale a ƙwaryar wata daga cikin waɗanda suka karɓa a da. Ba ta same shi ba. Yanzu tana can tana gwada na wasu garuruwa, ta ce wasu suna yi kaɗan-kaɗan.

Shanu suka dawo, madara ta dawo. Adda ba ta da abin kamawa, kuma yogot ɗin kanti ya riga ya kore mata masu saye. Ta san babu ƙofar da za ta ƙwanƙwasa a unguwar nan ba a tuna mata ba. Wata safiya ina tafasa madara na ji sallama ƙasa-ƙasa. Ita ce, ta rame, 'yar ƙwarya a ƙarƙashin mayafi. Ta gaida maigida da ke zaune a inuwa da sandarsa. Ta matso kusa da ni, ta fito da ƙwaryar.

Ban ba ta tabarma ba, ban kuma wahalar da ita ba. Na karɓi ƙwaryar na cika ta har baki, don ni ba za a ce na hana iri ba. Ta karɓa da hannu biyu. Ta sa yatsa ta kai baki, ta daɗe tana juya shi a harshe, idonta a kaina, tana fatan ko na yi mata irin wayon da take yi wa mutane.

Ta ce, "Ba shi ba ne."

Na ce, "Na Mairo ne."

"Ba ki rage ko kaɗan a wani wuri ba, Khadijah? Don Allah."

Na ce, "Na zo miki da ƙwarya, Adda. A bakin ƙofa kika tsayar da ni."

Na koma kan murhu, don madarata ta fara tasowa. Ta jima a tsaye a bayana, ban waiwaya ba. Sannan ta rufe ƙwaryar da gefen mayafinta ta fita da ita, don gobe akwai kasuwa.